Lonnie Johnson, Makaɗin Jitar Buluz da Jaz: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa ganin mai jita ya matso gaban dandali, sauran makaɗa suka lafa masa, ya shiga fitar da sauti ɗaya bayan ɗaya yana lanƙwasa tsirkiya, to ya ga wani salo da mutane ƙalilan suka share wa hanya a Amurka cikin shekarun 1920. Lonnie Johnson na sahun gaba a cikinsu, ko da yake sunansa bai kai aikinsa yaɗuwa ba. Ga tambayoyin da masu son sanin tarihinsa suka fi yi.

Wane ne Lonnie Johnson?

Sunansa na yanka Alonzo Johnson. Baƙar fata ne ɗan birnin New Orleans a jihar Louisiana, mawaƙi kuma makaɗin jita, wanda ya iya biyolin da fiyano da banjo da mandolin. An fi rubuta cewa an haife shi ranar 8 ga Fabrairu 1899, amma wasu masu bincike sun tsaya a kan 1894. Ya rasu a Toronto ta ƙasar Kanada ranar 16 ga Yuni 1970. Tsakanin faifansa na farko a 1925 da ƙarshen rayuwarsa ya naɗi ɗaruruwan waƙoƙi, ya yi aiki da manyan makaɗa da mawaƙa irin su Louis Armstrong da Duke Ellington da Bessie Smith, kuma sau biyu harka tana tsaya masa har ya koma aikin ƙarfi.

A ina ya koyi kiɗa?

A gida. Gidansu gidan makaɗa ne, kuma da biyolin ya fara a ƙungiyar mahaifinsa, suna kiɗa a bukukuwa da bakin titi da wuraren cin abinci. Irin wannan ƙungiya ba ta zaɓen abin da za ta kaɗa. Abin da mai biya ya nema shi ake yi masa, ko kiɗan rawa ne, ko waƙar soyayya da ake yayi, ko buluz, wato wani salon waƙa na baƙaƙen Amurka. Wannan tarbiyya ta bi shi har tsufa, domin bai taɓa ɗaukar kansa mai salo ɗaya ba.

Me ya raba shi da New Orleans?

Annoba. A 1917 ya bi wata tawagar masu wasa zuwa Ingila, da ya dawo a 1919 sai ya tarar murar nan ta 1918 ta kusan share gidansu. Ɗan'uwansa James, wanda ake wa laƙabi da Steady Roll, ya tsira, su biyun suka bar garin, a 1921 suka zauna a St. Louis. A can Lonnie ya yi kiɗa a jiragen ruwan shaƙatawa na kogin Mississippi, a ƙungiyar Charlie Creath da ta Fate Marable. Ƙungiyar Marable ita ce wadda Armstrong ya yi wa aiki yana saurayi, kuma an san ta da horo mai tsanani.

Ta yaya ya fara naɗar faifai?

Ta hanyar gasa. A 1925 aka shirya gasar rera buluz a gidan wasa na Booker T. Washington da ke St. Louis, kyautar wanda ya zo na ɗaya kuwa kwantiragi ne da kamfanin faifai na Okeh. Ya shiga, ya cinye. A Nuwamba na shekarar ya naɗi faifansa na farko, fuska ɗaya da jita, ɗayar da biyolin.

Daga baya ya faɗa cewa shi dai ƙofar shiga kamfanin faifai yake nema ko ta wace hanya ce, sai aka yi dace gasar ta buluz ce, ya rera buluz. Wannan magana ita ce mabuɗin fahimtar rayuwarsa. A wancan zamani kamfanoni sun ware faifan baƙaƙe a jeri na daban, ana tallarsu a jaridun baƙaƙe, ana sayar da su a unguwanninsu. Tun da Okeh ta ci kasuwa da faifan Mamie Smith a 1920, abin da kamfanoni suke nema a wurin baƙin mawaƙi shi ne buluz. Da suka samu Lonnie yana sayuwa da buluz sai suka ɗaure shi a nan. Tsakanin 1925 da 1932 ya naɗar wa Okeh waƙoƙi kusan 130, wanda ya sa ya zama ɗaya daga cikin mawaƙan buluz maza da aka fi jin muryarsu a faifai a lokacin. Ya ma riga Blind Lemon Jefferson fitowa, wanda faifansa na buluz sai a 1926 suka shiga kasuwa.

Mene ne sabon abin da ya kawo wa jita?

Nan ne gundarin maganar. Kafin shi, aikin jita a ƙungiya shi ne riƙe kari. Mai jita yana bugun tsirkiyoyi da yawa lokaci guda, a baya, masu busa kuwa su ne ke da magana. Ƙungiyoyin jaz ma banjo suka fi so, saboda ya fi jita ƙara, kuma na'urar naɗar sauti ta da ba ta iya kama muryar jita idan ƙaho na busa. Makaɗan karkara su ma suna da nasu salon, inda babban yatsa ke riƙe kari a tsirkiyoyi masu kauri, sauran yatsu na tsakuro waƙa a sama.

Lonnie ya ɗauki jita ya ba ta aikin mai busa. Yana fitar da sauti ɗaya bayan ɗaya a jere, kamar yadda murya ke rera baiti, ya danna tsirkiya ya tura ta gefe har sautin ya ɗaga ya faɗa tsakanin sauti biyu, ya girgiza yatsa a kan sautin ƙarshe don ya daɗe yana rawa. Yana da sauri, amma kowane sauti na fita tas, ba cakuɗewa. A da yawa daga cikin faifansa na farko jita mai tsirkiya 12 yake riƙewa, wadda muryarta ta fi ta mai 6 cika.

Tsarin buluz kansa ya taimaka masa. Mawaƙi yakan rera layi, ya maimaita shi, sannan ya kawo na uku ya rufe, kuma bayan kowane layi akwai ɗan gurbi. A wannan gurbi jitar Lonnie ke yi masa amshi, kuma ba amshi ɗaya take maimaitawa ba, kowane karo da abin da za ta ce. Ya kuma ci sa'ar zamani. Daga tsakiyar shekarun 1920 kamfanoni suka koma naɗa da makirfo na lantarki, sai ƙananan abubuwan da yatsunsa ke yi suka fara fitowa a faifai.

Ba daidai ba ne a ce shi kaɗai ya ƙirƙiro wannan salo. Eddie Lang na yin irinsa a ɓangaren farare. Amma a cikin buluz, da wuya a nuna wanda ya riga shi yin hakan a faifai da irin wannan ƙwarewa.

Biyolin da ya fara da shi yana da hannu a salon nasa?

Da alama ƙwarai. Mai biyolin, kamar mai goge, galibi sauti ɗaya yake ja a lokaci guda, kuma wuyan kayan kiɗansa ba shi da ƙarafan da ke raba sauti daki-daki, don haka ya saba zamewa daga wannan sauti zuwa wancan da girgiza yatsa. Wanda kunnensa ya tashi a haka, idan ya ɗauki jita zai nemi ta yi masa irin abin da ya saba ji. Abin lura shi ne Eddie Lang ma da biyolin ya fara.

To mai buluz ne ko mai jaz?

Duka biyun, kuma a wurinsa babu katanga tsakaninsu. A Disamba 1927 ya shiga ɗakin naɗa a Chicago tare da ƙungiyar Hot Five ta Louis Armstrong, mai ɗauke da Kid Ory da Johnny Dodds da Lil Hardin da Johnny St. Cyr. A cikin abin da suka naɗa akwai "Hotter Than That". A tsakiyar faifan Armstrong ya ajiye ƙaho ya shiga rera sautukan da ba kalmomi ba, Lonnie na bin sa da jita, daga nan suka shiga jifan juna da gajerun jimloli, wannan ya faɗa wancan ya mayar. Armstrong a lokacin ba shi da na biyu a jaz, amma mai jitar bai yi ƙasa a gwiwa ba ko kaɗan. Wanda ke son jin abin da ake nufi da jita ta zama murya, wannan minti ɗaya ya ishe shi.

A 1928 kuma Duke Ellington ya gayyace shi naɗar faifai da babbar ƙungiyarsa, ciki har da "The Mooche". A daidai wannan zamani yana raka Texas Alexander, mawaƙin karkara wanda ba ya kaɗa komai kuma ba ya bin ƙidayar kari, yakan ja layi ko ya gutsure shi yadda ya ga dama. Lonnie da kansa ya ce raka shi aiki ne ja. Mutumin da zai zauna da Ellington yau, gobe ya bi Alexander duk inda ya karkata ba tare da ya ɓata ba, lallai kunnensa ya kai.

Wane ne Blind Willie Dunn da ake gani a wasu faifansa?

Babu wani mutum mai wannan suna. Eddie Lang ne, wanda sunansa na asali Salvatore Massaro, ɗan baƙin haure 'yan Italiya daga Philadelphia, kuma babban mai jitar jaz na zamaninsa. A 1928 da 1929 shi da Lonnie sun naɗi kiɗan jita biyu zalla, kusan guda goma, ba waƙa. Tun da za a sayar da faifan a jerin na baƙaƙe, kuma haɗa sunan fari da baƙi a fuskar faifai ɗaya abu ne da kamfani ke gudu a Amurkar lokacin, sai aka laƙaba wa Lang sunan da zai yi kama da na makahon mawaƙin karkara.

A yawancin waɗannan faifai Lang ne ke riƙe gindi, Lonnie ke jan gaba. Har yau masu koyon jita suna zama su kwaikwaye su. Lonnie ya riƙa yabon Lang har ƙarshen rayuwarsa, yana lissafa aikin da suka yi tare cikin mafi daɗin abin da ya yi. Lang bai yi tsawon rai ba, ya rasu a 1933 bayan tiyatar maƙogwaro, yana da shekara 30.

Me ya sa aka daina jin sa bayan 1932?

Karayar tattalin arzikin da ta faro a 1929. Cinikin faifai a Amurka ya faɗo daga faifai sama da miliyan 100 a 1927 zuwa kusan miliyan 6 a 1932, kuma masu sayen faifan Lonnie, wato leburori baƙaƙe, su ne suka fara rasa aiki. Ga rediyo na ba da kiɗa kyauta. Ya zauna a Cleveland yana ɗan kiɗa, ya kuma yi aiki a masana'antar ƙarfe. Shekara biyar bai naɗi faifai ba.

A 1937 ya dawo ta hannun kamfanin Decca a Chicago, a 1939 ya koma Bluebird, inda Lester Melrose ke kula da mawaƙan buluz. Da dare kuma yana kiɗa a gidan rawa na Three Deuces tare da Baby Dodds mai ganga. A wannan zango salonsa ya natsu. Gudun yatsun nan na shekarun 1920 ya ragu, ya fi ba murya muhimmanci, ya kuma riƙa maimaita wasu jimlolin jita da suka zama tambarinsa. Masu suka sun ce faifan wannan lokaci suna kama da juna, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai tsarin Bluebird ne haka, kusan kowa a kamfanin da ma'auni ɗaya ake auna masa.

Wace waƙa ce ta fi yi masa kasuwa?

"Tomorrow Night", wadda ya naɗar wa kamfanin King na Cincinnati a ƙarshen 1947. A 1948 ta yi mako bakwai tana ta ɗaya a jerin faifan baƙaƙe na mujallar Billboard, ta kuma kai ta 19 a jerin gama-gari. Abin mamaki, ba buluz ba ce. Waƙar soyayya ce mai sanyi da Sam Coslow da Will Grosz suka rubuta tun 1939, irin waƙoƙin da Lonnie ya daɗe yana son rerawa kamfanoni na hana shi. A lokacin ya riga ya koma jitar lantarki. Elvis Presley ya naɗi wannan waƙa a kamfanin Sun a 1954, kuma duk wanda ya ji su biyun zai gane inda Elvis ya ɗauko tasa.

A 1952 Lonnie ya je Ingila wasa. Wani matashin makaɗi mai suna Tony Donegan ya ari sunansa ya koma Lonnie Donegan, kuma shi ne ya zo ya tayar da yayin kiɗan da ya sa dubban yaran Birtaniya ɗaukar jita a shekarun 1950.

Da gaske ne ya yi aikin shara a otal?

Gaskiya ne. Da kiɗan matasa ya sauya a tsakiyar shekarun 1950, kasuwarsa ta sake mutuwa, ya koma Philadelphia yana aikin shara da goge-goge a otal ɗin Benjamin Franklin. A 1959 Chris Albertson, mai gabatar da shirin jaz a gidan rediyon WHAT na birnin, ya gano inda yake da taimakon Elmer Snowden, tsohon mai banjo wanda Ellington ya yi wasa a ƙungiyarsa tun kafin ya yi suna. Albertson ya kai shi kamfanin Prestige, a 1960 aka fitar masa da faifai a reshen kamfanin mai suna Bluesville, har da wanda suka yi tare da Snowden. Ya sake haɗuwa da Victoria Spivey, wadda suka yi waƙoƙi tare tun shekarun 1920. A 1963 kuma ya zaga Turai a tawagar American Folk Blues Festival, tare da su Muddy Waters.

Tun da an sake gano shi, me ya hana shi yin tashe kamar sauran tsofaffin masu buluz?

Masu sauraron sun canza. A shekarun 1960 ɗalibai farare ne suka rungumi tsohon buluz, kuma suna da hoton da suke nema: tsoho daga gonakin auduga na Mississippi, mai kaushin murya, wanda wahala ta bayyana a jikinsa. Son House da Skip James da Mississippi John Hurt, waɗanda aka nemo a 1963 da 1964, sun dace da wannan hoto, kuma gwanaye ne na gaske. Lonnie kuwa ɗan birni ne, mai kwat da laktaye, mai tattausar murya da fitar da kalma sarai. Idan aka ba shi dandali sai ya sako waƙar soyayya irin ta gidajen rawa, masu neman kukan karkara su ɓata rai.

A ganina an yi masa rashin adalci sau biyu da ma'auni ɗaya. A 1925 kamfani ya ce buluz kawai zai rera saboda shi baƙi ne, a 1963 masoya suka ce buluz kawai suke so saboda su ne suka san abin da ya dace da baƙi. Shi kuwa bai sauya don ya faranta musu ba.

Yana da dangantaka da Robert Johnson?

Babu ta jini. Robert ɗan Mississippi ne, an haife shi a 1911, ya naɗi waƙoƙi 29 a 1936 da 1937, ya rasu a 1938. Mai koyi da Lonnie ne, ana jin salon Lonnie ƙarara a wasu waƙoƙinsa, a jita da ma yadda yake jan murya, kuma an ruwaito yana gaya wa mutane cewa su 'yan'uwa ne. Da kamfanin Columbia ya sake fitar da waƙoƙin Robert a 1961 sai sunan almajiri ya danne na malami. A lokacin Lonnie na raye yana neman inda zai yi wasa.

Su wa suka koya daga gare shi?

B.B. King ya sha ambatonsa cikin waɗanda ya taso yana sauraro, tare da Blind Lemon Jefferson da T-Bone Walker da Charlie Christian da Django Reinhardt. Salon King na rera layi ya bar jita ta amsa da sauti ɗaya mai rawa, daga Lonnie ya samo tushe. T-Bone Walker ya ɗauki jita mai magana ya sa mata lantarki a buluz, Christian ya yi haka a jaz bayan ya shiga ƙungiyar Benny Goodman a 1939. Amfilifaya ce ta ba su ƙarar da Lonnie bai samu ba a ƙuruciyarsa. Bob Dylan ma ya haɗu da shi a New York a farkon shekarun 1960, ya kuma ce Lonnie ya nuna masa wata dabarar kiɗa da ta yi masa amfani daga baya.

Yaya ƙarshen rayuwarsa ya kasance?

A 1965 ya je wasa Toronto, garin ya karɓe shi, ya zauna. A 1966 ya buɗe gidan kiɗa nasa a unguwar Yorkville mai suna Home of the Blues, amma bai ɗore ba. A Maris 1969 mota ta hau gefen titi ta buge shi, ƙugunsa ya karye, ƙodarsa ta ji rauni, daga baya shanyewar ɓarin jiki ta biyo. A Fabrairu 1970 ya fito a zauren Massey Hall ya rera waƙa, Buddy Guy ne ya kaɗa masa jita tun da shi ba ya iya kaɗawa. Bayan wata huɗu ya rasu, aka kai gawarsa jihar Pennsylvania aka binne.

Wanda bai taɓa jin sa ba, daga ina zai fara?

Daga faifan da ya yi da Armstrong a 1927, sannan kiɗan jita biyun da suka yi da Eddie Lang. A yi haƙuri da ƙarar tsufan faifai, kowanne bai wuce minti uku da ɗoriya ba, domin iyakar abin da fuskar faifan lokacin ke ɗauka ke nan. Bayan haka a tsallaka zuwa wanda ya yi da Elmer Snowden a 1960, inda naɗin ya fito tas kuma aka bar shi ya haɗa buluz da waƙoƙin soyayya yadda yake so. Faifan Bluebird a bar su sai kunne ya saba da shi, don idan aka jera su a zama ɗaya suna iya gundurar sabon shiga.